Ɓawon ƙwan mai shayi da haƙorin Duna

Kwana uku da Babbar Sallar bara waccan na lura Duna yana cin abinci da gefe guda. Sai ya karkatar da kai kamar mai sauraron raɗa, ya tura naman ɓangaren hagu, ya tauna a hankali, wani lokacin ma ya saki ya tsaya yana kallonsa. Wannan fa karen da ke share kwano kafin ka juya baya. Na ɗauka ƙoshin Sallah ne, don a makon nan kowa a gidan, mutum da dabba, ya ci ya yi nak. Ban mai da hankali ba sai bayan kamar mako uku, da ƙasan idonsa na dama ya kumbura kamar an cusa masa goro a ƙarƙashin fata.

Duna baƙi ne wuluk, ruwa biyu, uwarsa 'yar gida, ubansa irin manyan nan da muke ce wa karen 'yan sanda. Nauyinsa kilo 30, shekararsa 7 a lokacin. Gidana yana can bayan Samaru, inda gidaje suka fara tsinkewa gonaki suka karɓa, kuma ina da 'yan tumaki da kaji. Kafin zuwansa sau biyu ana yi mini ɗauki ɗai-ɗai a turke. Tun da ya zo ko igiya ba ta ɓata ba. Ba ya shiga ɗaki, kwanonsa daban, makwancinsa daban. Na kawo wannan ne don na san a cikin masu karatu akwai wanda zai ce malami guda, da furfurarsa, ya rasa abin rubutawa sai haƙorin kare. To, dabba ce na ajiye take yi mini aiki, haƙƙinta yana wuyana kamar na tumakin da take gadi.

Ɗanyen nama nake ba shi tun yana da shekara biyu, kuma ba wani ilimi ne ya kai ni ba, aljihu ne. Abincin karnuka na buhu ya fi ƙarfin albashin malamin sakandare, ga shi kuma ina da mahauci a kwata da muka daɗe tare, yana tara mini gutsattsarin nama, da zuciya, da tumbi, da kawunan kaji da ƙafafu daga wajen masu figa. Sai daga baya na gani a intanet cewa abin har suna gare shi a wajen Turawa. Wani likitan dabbobi ɗan Ostareliya, Ian Billinghurst, shi ya yayata shi tun 1993, kuma a cikin masu ciyar da ɗanye akwai masu bin wani lissafi: kashi 80 cikin 100 tsoka, 10 ƙashi, 5 hanta, 5 sauran kayan ciki. Na karanta, na yi dariya, na ce ashe ni ma ɗan zamani ne ban sani ba. Wancan 10 na ƙashi kuwa ko a jikina. Na ɗauka abin wasa ne ake ba kare don ya rage zaman banza.

Abin da ya faru a Sallar shi ne mun yi watanda da abokan aiki, ƙafar sa ta faɗo a rabona. Aka yi farfesu, aka sha, yara suka ɗauki ƙwaurin suka kai wa Duna goron Sallah. Ina zaune a ƙofar gida ina jin ƙarar gurgurarsa har dare, ina ma jin daɗi.

Likitar dabbobin da ta duba shi sai da ta yi masa allurar barci kafin ta iya buɗe bakin sosai. Babban haƙorin sama na gefe, wanda kare ke datsa nama da shi, ya tsage a tsaye, ɓari guda ya ɓalle kamar an fasa goro, ƙwayoyin cuta suka bi ta ramin suka taru a saiwa. Kumburin ƙasan idon nan ruwan mugunya ne. Haƙorin saiwa uku gare shi, sai da ta yanka shi gida-gida ta zare kowace saiwa daban. Da ta gama ta kawo mini gutsattsarin a ɗan faranti.

"Malam, wannan shi ne almakashinsa," in ji ta. "Ƙashin da ke ɗaukar nauyin sa ya fi ƙarfin haƙorin kare. In suka haɗu, haƙorin ne zai ba da kai. Don Allah a daina ba shi irin wannan."

Ita "irin wannan" ta ce. Ni kuwa abin da kunnena ya ɗauko shi ne a daina ba shi ƙashi.

Dama ina da ƙorafi a kan ƙashin. Duk ranar da ƙafafun kaji suka yi yawa a kwanon, washegari sai ka ga Duna ya tsuguna yana nishi, abin da zai fito fari fat, busasshe, yana marmashewa kamar alli. Wata rana har da ɗigon jini. Saboda haka na yanke hukunci na kuma ji daɗin hukuncin: daga yau tsoka zalla. Na ce wa mahaucina ya daina haɗo mini kai da ƙafa. Wata huɗu cur Duna yana cin jan nama da zuciya da hanta, da ɗan tumbi in an samu, wani lokaci da sauran shinkafa. Gashinsa na sheƙi, bayan gidansa lafiya lau, haushinsa na nan. Ina ganin kaina wanda ya kyautata wa dabbarsa iyakar kyautatawa.

Wani ɗan kwikwiyo ne ya farkar da ni, kuma ba nawa ba ne.

Wani matashi a layinmu ya tara kuɗi ya sayo kwikwiyo mai tsada, irin masu ƙaton kai ɗin nan. Son da yake yi masa har ya zama abin tsokana a majalisa. Ba ya ba shi tuwo, ba ya ba shi ƙanzo, sai jan nama da hanta, safe da yamma. Da kwikwiyon ya kai wata huɗu sai ya fara tafiya kamar mai taka ƙaya. Ƙafafun gaba suka gwame, in an ɗaga shi sai ya yi ƙara. Wata safiya ya diro daga kan dakali, tsayin da bai kai gwiwata ba, ya kasa tashi. Yaron ya zo yana buga mini ƙofa, idonsa ya yi ja.

"Baba, don Allah a taimaka mini da mota."

Muka kai shi wajen likitar nan. Ta ɗauki hoton ƙafar, ta ɗaga shi a gaban fitila ta kira mu. Na sha ganin hoton ƙashi, na mutum da na dabba, fari ne tas da kauri a gefe. Na wannan kwikwiyon dishi-dishi ne, da ƙyar kake raba shi da naman da ke kewaye, bangonsa siriri kamar takarda. A cinya ƙashin bai ma karye irin karyewar da muka sani ba, lanƙwashewa ya yi, kamar ɗanyen kara. Ta tambayi abin da yake ci. Yaron ya faɗa da alfahari, don a ganinsa shaida ce ta cewa bai yi sakaci ba. Ta girgiza kai ta ce naman ne ya jawo.

Ina tsaye a gefe sai na ji gumi yana bin bayana. Na yi gyaran murya na ce, "Likita, ni ma fa tun cire haƙorin nan tsoka kawai Duna yake ci."

Ta sauke hoton ta dube ni. "Me ka sa masa a madadin ƙashin, Malam?"

Na yi shiru. Abin kunyar shi ne kimiyyar sinadarai nake koyarwa, shekara fiye da 20. Na rubuta kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, a allo sau ba adadi.

Bayanin da ta yi mana, wanda na koma gida na bi shi da biro da takarda, ga shi. Jikin kare yana son kalsiyam da fosfaras, abokin aikinsa wajen gina ƙashi, su shigo kusan kai ɗaya, kalsiyam ya ɗan ɗara, kamar 1.2 a kan 1. Tsoka kuwa ta karkata gaba ɗaya ɓangare guda. A giram 100 na naman sa akwai fosfaras wajen miligiram 200, amma kalsiyam da ƙyar ya wuce 10 zuwa 20. Hanta ta fi muni: fosfaras ya haura 350, kalsiyam wajen 5. Tumbi ne kaɗai ke da ɗan daidaito, shi ma abin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba, bai isa ya biya wa sauran bashi ba. Dabbar da ta kama zomo a daji tana cinye shi da ƙashinsa, lissafin ya daidaita da kansa. Ni na zare ƙashin na bar ramin a buɗe.

Jiki kuma ba ya yarda kalsiyam na cikin jini ya sauka, don da shi zuciya ke bugawa, da shi tsoka ke motsi. Akwai wasu 'yan ƙananan ƙululai a wuya, jikin maƙogwaro, aikinsu ke nan su sa ido a kansa. Da zarar ya fara ƙasa sai su ba da umarni a je a ɗebo daga rumbu, rumbun kuwa ƙashin dabbar ne, inda kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki yake. Kamar gidan da itace ya ƙare ne aka koma zare azara daga rufin ɗaki ana hura wuta. Tuwo yana dahuwa kullum, kowa yana ƙoshi, ba wanda ya ɗaga kai. Shi ya sa ko an gwada jinin irin wannan karen sau da yawa sai a ga kalsiyam ɗinsa daidai. Babban kare kamar Duna rumbunsa cike yake, zai yi watanni bai nuna komai ba. Kwikwiyo kuwa ginin ma bai gama ba aka fara zare masa azara.

To, me za a sa? Nan ne na yi yawo.

Hanya mafi kusa ita ce a koma wa ƙashi mai laushi, ɗanye, wuyan kaza da fiffike. Karnuka da yawa a kan haka suke rayuwa lafiya. Amma Duna ya rasa almakashin gefe guda, kuma tun asali mai haɗiya ne, ga cikinsa da ke ɗaurewa. Na yi tunanin a niƙa ƙashin da naman, sai dai ina son ganin mai injin markaɗen da zai karɓi kawunan kaji ɗanye ya zuba a injin da mata ke layin markaɗa wake.

Na je shagon masu haɗa abincin kaji na sayo garin ƙashi mudu guda. A ƙa'ida shi ne ya fi kama da abin da aka cire, don yana ɗauke da kalsiyam da fosfaras tare. Wanda na samu toka-toka ne, yana warin ƙauri. Na zuba cokali biyu a kofin gilashi da ruwa na motsa, na bar shi ya kwanta. Abin da ya taru a ƙasa, da na murza a yatsa, yashi ne. Ban san ƙashin mece ce ba, ban san da me aka ƙona shi ba, ba takarda a jikin buhun balle a san yawan abin da ke ciki. Ba na cewa duk na kasuwa haka yake. Nawa dai kaji ma ban ba su ba. Wanda ake sayarwa don takin lambu kuwa ko kusa kada a kai shi bakin dabba.

Sai na shiga kemis. A nan ne ilimin allo ya yi mini rana, don kwalaben nan suna da wayo. Za ka ga an rubuta miligiram 1,250 da manyan baƙaƙe, amma wannan nauyin kalsiyam kabonet ne gaba ɗaya, ainihin kalsiyam ɗin da ke ciki kashi 40 ne cikin 100, wato 500. In kuwa ɗaya nau'in ne, kalsiyam sitiret, kashi 21 ne kawai. Ga shi yawancin na mutane an haɗa su da bitamin D, wanda in ya taru a jikin kare yana lalata ƙoda, kuma mai cin hanta da ƙwai da kifi yana samun nasa. Wasu na taunawa kuma ana zaƙaƙa su da wani sinadari mai suna zailitol, wanda ga kare guba ne. Ana samun kabonet zalla in an nema, kuma yana aiki. Da na lissafa ƙwaya uku kullum har ƙarshen rayuwar Duna, sai na mayar da kwalbar kan kanta na yi sallama.

Shawarwari kam na sha su. Mahaucina ya ce, "Malam, ka jefa masa 'yar kanwa mana, ai ita muke ba shanu." Kanwa gishirin sodiyam ce, ba ruwanta da wannan rami. Hajiyarmu ta ce a ba shi nono. Nono yana da kalsiyam, wajen miligiram 120 a kowace mililita 100, amma yana tafe da nasa fosfaras ɗin, kuma kafin ya cike gurbin sai Duna ya sha fiye da lita guda kullum, ga tsada ga gudawa. Wani abokin aikina ya ce in kwaso alli a ofis tunda kyauta ne. Na ce masa yawancin allin allo ma ba kabonet ba ne, kuma ba don ci aka yi shi ba.

Likitar ce ta ce, "Ba kwa cin ƙwai a gida?"

Ɓawon ƙwai kusan kashi 95 cikin 100 nasa kalsiyam kabonet ne, abu ɗaya da na cikin kwalbar kemis. Ɗiga masa lemun tsami ka ga yadda zai yi kumfa. Fosfaras ɗinsa kaɗan ne ƙwarai, wanda ga babban kare mai cin tsoka shi ake so, tunda naman ya riga ya kawo nasa har ya yi yawa. Ɓawon babban ƙwai guda in ya bushe aka daka yana ba da wajen giram 5, kusan cikin cokalin shayi guda, kuma a ciki akwai kalsiyam tsakanin miligiram 1,800 da 2,000.

A gidana ba ma cin ƙwai kullum. Amma a bakin titi akwai mai shayin da ke fasa kiret biyu zuwa uku kowane dare, yana watsa ɓawon a kwali. Na je bayan isha'i, na sa aka haɗa mini shayi don kada in zo da buƙata hannu rabbana, sannan na ce ina son ya riƙa tara mini ɓawon.

Ya tsaya da cokali a hannu. "Malam, lafiya dai ko? Wani haɗin aka ba ka?"

Na ce na kare ne.

'Yan teburin suka kwashe da dariya. Wani ya ce yanzu karen Malam ma ya fi mu gata. Mai shayin dai ya karɓi bokitin fenti mai murfi da na kawo, kuma tun ranar bai taɓa fashi ba. Duk Asabar yarona yana zuwa ɗauka. Ɓawon kiret guda, ƙwai 30, yana isar Duna fiye da wata, saboda haka abin da yake tarawa ya fi ƙarfina, sauran kajina nake daka wa.

Aikin ba wuya, sai dai yana son natsuwa. Ina wanke ɓawon in fitar da sauran farin ƙwan, don shi ke kawo ƙarni da ƙuda. In tafasa shi kamar minti 10 saboda ƙwayoyin cuta, ɓawon da ya kwana a teburin mai shayi ba abin yarda ba ne. In tsane, in baza a tire. Da hunturu wuni guda ya isa, har ka ji yana ƙaras-ƙaras. Da damina sai na ɗora shi a busasshen kasko a kan garwashi marar ƙarfi, in ba haka ba ya yi fumfuna a kwalba. Karon farko a tsakar gida na shanya, na shiga sallar la'asar, na fito na tarar kaji sun yi biki. Yanzu a kan rufin kwano nake ɗorawa, in kifa rariya.

Daka shi ne ya kusa haɗa ni da uwargida. Na ɗauko bilendarta, ta ce, "Malam, in ka sa abin karen nan a ciki, ka sayi wata." Na ce ƙwai ne fa, irin wanda kike soyawa. Ta ce ita dai ta faɗa. Na ɗauko ƙaramin turmin yaji, ta ce shi ma a'a. Ƙarshenta na sayo nawa turmin da taɓarya a kasuwar Samaru, aka ɗaura masa jan ƙyalle don kada ya ɓace cikin na gida. Ina dakawa in tankaɗe, abin da ya ƙi wucewa in mayar. Sai ya yi laushi kamar garin tuwo, don mai tsakuwa-tsakuwa wucewa yake yi ta ciki bai narke duka ba, sai ka gan shi a bayan gida. Kwalba mai murfi, nesa da danshi, shi ke nan.

Awon ne inda nake son a tsaya a saurare ni. Duna yana cin wajen giram 700 a rana. A ƙiyasina fosfaras ɗin da ke ciki ya kai miligiram 1,300 zuwa 1,400, kalsiyam kuwa bai fi 100 ba. Don ya ɗan ɗara, ina bukatar ƙarin kamar 1,500, wato giram 4 na garin, cokalin shayi guda da ɗan ragi. Na gwada ta wata hanyar don in tabbata. Masana abincin dabbobi a Amurka sun sa wa babban kare giram 1 zuwa 1.25 na kalsiyam a kowace kalori 1,000 da ya ci, kare mai girman Duna kuma yana cin wajen 1,300 zuwa 1,500. Lissafin biyu suka haɗu a wuri guda. A taƙaice, cokalin shayi guda ga kowane kilo na tsoka, ko da ɗan ƙari kaɗan. Cokali a shafe nake nufi, ba mai tozo ba. Kuma cokulan gidajenmu kowanne da girmansa, shi ya sa na sayi ɗan ƙaramin sikeli mai batir, na auna nawa cokalin sau ɗaya, na ɗaure shi da zare a wuyan kwalbar. Ina barbaɗawa a kan naman in cakuɗa da jininsa ya manne. Ranar farko a bushe na zuba, ya shaƙa, ya yi ta atishawa yana harara ta.

Da na ga abin kyauta ne, zuciyata ta ce in ƙara, ai yawan alheri ba ya ɓaci. Likitar ta taka mini birki. Kalsiyam in ya yi yawa yana ɗaure ciki, yana kuma tare wa jiki hanyar shan wasu sinadaran kamar zinki. Ranar da na ba shi wuyan kaza, wanda nakan yi jefi-jefi ina tsaye a kansa, ba na sa garin. Wanda ke ba karensa cikakken abincin buhu shi ma ba ya bukata, an riga an sa a ciki.

Kwikwiyo kuwa a cire shi daga wannan lissafin nawa gaba ɗaya. Da yaron nan ya ji labarin ɓawon ƙwai ya zo da murna zai ɗiba, likitar ta hana. Mai girma yana bukatar fosfaras da yawa tare da kalsiyam ɗin, kuma 'yan kwikwiyon manyan karnuka, kafin su kai kamar wata shida, hanjinsu bai iya tace abin da ya wuce kima ba, duk abin da aka zuba sai ya shige. A Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan an gwada wannan a shekarun 1980 da irin dogayen karnukan nan da ake kira Great Dane, waɗanda aka cika wa kalsiyam suka tashi da gaɓoɓi a lalace. Rashi ya gwame ƙafa, yawa ma ya gwame ta. Karya mai ciki ita ma ba a ɗura mata, don yana iya jawo mata jijjiga bayan haihuwa, lokacin shayarwa. Abin da aka yi wa kwikwiyon shi ne aka ɗora shi a kan abincin buhu na 'yan kwikwiyo, aka tsare shi a ɗan keji kada ya yi tsalle. Cikin wata biyu ya miƙe. Yanzu ƙato ne, in ya yi haushi har cikin gidana ake ji, sai dai ƙafar baya ɗaya ta ɗan karkace, da ita zai rayu.

Akwai abin da garin nan bai maye ba, kuma ban gane ba sai da Duna ya nuna mini. Kare yana son tauna don taunar kanta. Wata biyu da raba shi da ƙashi ya cinye mini tiyon ban ruwa, ya bi da silifas ɗin baƙo, ya fara gurgurar turken tumaki. Haƙoransa kuma, musamman na ƙasa a gefen da aka yi cirewar, suka fara tara dattin nan mai ruwan ƙasa, bakin ya soma wari. Yanzu ina karɓo masa jijiyar agara da kunnen sa a kwata, in busar, in ba shi sau biyu a mako ina kallonsa, in ya rage ɗan guntun da zai iya haɗiyewa in karɓe. Ganda ma tana yi, amma ba na sayen wadda aka babbake da taya. Maƙogwaro na rage ba shi, don wani lokaci yana zuwa da ƙululun wuyan dabbar a jiki, in kare ya yawaita ci yana rikita masa jiki. Haƙoran kuma ina goge masa da bandeji a yatsa da ruwa zalla, ban da man goge bakinmu. Ba ya so. Ni ma ba na so.

Wata fa'ida da ban zata ba ta fito daga wajen wuta. Ɗanyen nama yana son firiza mai sanyi, mu kuwa sai a yi kwana biyu ba a kawo ba. Da ƙashi ne a cikin abincin da ba halin dafawa, don dafaffen ƙashi tsagewa yake yi kamar tsinke ya soki hanji. Yanzu da gari ne, duk ranar da na ga naman ya fara saki sai in tafasa shi sama-sama, ya huce, in barbaɗa, awon bai canza ba. Huhu da hanta ma na koma dafa su kullum, tun ranar da mahaucina ya nuna mini wasu ƙululai masu ruwa a jikin huhun raƙumi. In kare ya ci irinsu ɗanye tsila ce ke fitowa a cikinsa, ƙwanta kuma ya bi bayan gidansa ya dawo kan mutanen gida, ni kuwa ina da jikoki masu wasa da ƙasa.

Sallar bana ma mun yi watanda, ƙafa ta sake faɗowa a rabona, kamar da gayya. Tun kafin a sauke tukunya na tara yaran na yi musu kashedi. Da aka gama shan farfesun na ɗauki ƙwaurin da kaina na sa a leda, na ɗaure, na rataye a reshen darbejiya inda ko tsalle ya yi ba zai kai ba, kafin mai kwasar shara ya zo. Duna ya zo ya zauna a gindin bishiyar, ya ɗaga kai, ya yi ta kallon ledar har magariba. Na kawo masa kwanonsa da naman Sallah da garinsa a cakuɗe, na ɗora masa busasshiyar agara a kai. Ya cinye, ya ɗauki agarar a baki, ya koma gindin darbejiyar ya kwanta da ita.